Anti Raɗa da Wayar Matakala

Yayata ba ta iya ɗaga murya. Kar ma ku ce kunya ce, matar nan in tana kan gaskiyarta ba ta san inda kunya ta kwana ba. Muryar ce babu. In za ta yi magana sai ka kawo kunnenka daf da bakinta, abin da za ka ji kuma kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Shi ya sa yaran gidan benenmu suka sa mata Anti Raɗa, manya ma suka ɗauka, ita kuwa amsawa take yi ko a jikinta.

Ni ce lasifikarta. In an taru ana magana, ita ta raɗa mini, ni in faɗa da ƙarfi. Allah ya ba ni muryar mutum biyu, ga ni mai kitso, kun san bakinmu ba ya hutu. Laifina ɗaya a wurinta, wai ina ƙara gishiri. In ta ce, "Gaya masa ban yarda ba," sai in ce, "Ta ce ba ta yarda ba, kuma kai ma ka san ba gaskiya kake faɗa ba." Nan take ta mintsine ni a cinya. Cinyata ta dama ta ga rayuwa.

Da ba haka take ba. Yaya ce mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa tun tana budurwa. Murya ce da ita mai sanyi da nauyi, wadda in ta ce jirgi ya makara sai ka ji kamar alheri aka yi maka. Ɗakin sanarwarta ɗan ƙarami ne, in ta miƙe hannuwa tana taɓa bango biyu, babu taga sai gilashi ɗaya da ba ya buɗewa. Ta saman kanta wayoyi ke wucewa dami guda zuwa ɗakin na'urori da ke baya. Wata rana da rana tsaka ɗaya daga cikinsu ta ɗau zafi, robarta ta fara ci a hankali. Yaya ta ji wari, ta ga hayaƙi, maimakon ta ruga sai ta tsaya a bakin makirfo tana gaya wa mutane ta inda za su fita, kar su yi turereniya. Da ta gama ta juya, ƙofar ta ɓace mata. A ɗakin da ta sani kamar tafin hannunta, ta rasa inda ƙofa take saboda baƙin hayaƙi. Wani ɗan dako ne ya banke ƙofar ya jawo ta waje.

Wutar ba wata wuta ba ce, nan da nan aka kashe ta. Ko gashin girar Yaya bai babbake ba. Amma da na je ɗauko mata jakarta bayan 'yan kwanaki, sai na tarar makullanta sun yi tsatsa, makirfo ya yi tsatsa, fanka ma haka, kamar sun shekara a ruwan sama. Likita ya yi mana bayani a hankali. Ya ce robar irin waɗannan wayoyi akwai kulorin a cikinta, ɗan'uwan wanda ake zuba wa ruwan famfo. In ta ƙone sai ta saki wata iska, iskar nan in ta samu laima, ko a ido ko a maƙogwaro ko a huhu, sai ta koma asid. Na tuna makullan nan, na dubi Yaya a kan gado tana ƙoƙarin kiran sunana abin ya ƙi fita, na fita baranda na yi kuka har na gode Allah.

Masu zuwa dubiya kuwa kowa da abin da yake faɗa, kuma duk magana ɗaya ce: "Alhamdulillahi, ai wuta ba ta taɓa ki ba." Ba maganar da Yaya ta tsana a duniya irin wannan.

A tasha sun ce ta dawo su ba ta tebur ta riƙa buga wa tikiti hatimi. Ta ƙi, kuma ga dalili. Kafin gobarar sun ɗauki muryarta a na'ura, sanarwar nan ta kullum, kuma har yau ita suke sakawa duk lokacin da jirgi zai shigo: "Jama'a, a riƙe hannun yara. A tsaya bayan layi har jirgi ya tsaya." Yaya ta ce ba za ta zauna a ƙarƙashin muryarta tana buga hatimi ba. Ta koma saƙa, hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi, da su take ci take sha. A cikin sanarwar, daidai bayan kalmar "yara", akwai wata 'yar ƙara, ƙil. Awarwaronta ne ya bugi makirfo ranar da ake ɗauka. Mai na'urar ya ce a sake, ta ce a bar shi, ai ba waƙa ba ce. Awarwaron yana hannunta har gobe.

Bayan rasuwar mijina na dawo wurinta, muka kama ɗaki a hawan ƙarshe na wannan bene, wanda in iska ta juyo ana jin lasifikar tasha tangaran. Na ce, "Yaya, duk faɗin garin nan sai nan?" Ta ce ita ba za ta bar gida mai iska saboda lasifika ba. Sai dai in jirgi zai shigo takan tashi ta rufe taga. Kuma ta kafa mini doka ɗaya: ba mai jin cewa ita ce matar tasha. "Ba na bara da maƙogwarona," in ji ta. Yaran gidan suna kwaikwayon sanarwar a tsakar gida, har da buga cokali a kofi wurin ƙil ɗin, tana wuce su da kwandon saƙarta ko gezau.

To ga yadda benen yake, don ku gane abin da ya tada rigimar. Matakala ɗaya ce tak, a tsakiyar ginin, babu taga sai wasu ramuka can sama. Mitocin gidan duka suna cikin wani kabad a gindinta, wayoyi suna hawa ta jikin bangonta zuwa kowane hawa. Duk wanda ke sama, in wani abu ya faru, ta nan zai sauko ko kuma ya zauna. Wayoyin sun tsufa, robarsu ta tsattsage, in an kunna dutsen guga biyu a lokaci guda sai matakalar ta ɗau wari kamar an ƙona kifi. Mai gidan yana wata ƙasa, ya ce a canja su, mu zaɓi irin wayar da za a sa, mu yi. Shi ke nan aka kira taro a tsakar gida wata Asabar da yamma.

Ciyaman ɗinmu na 'yan haya mai shagon taya ne, yana zaune a hawan ƙasa, ƙofarsa tsakar gida take buɗewa. Ba mugu ba ne, zan faɗa don Allah, shi ke gyara famfo in ya lalace ba tare da an roƙe shi ba. Amma in ya riga ya buɗe baki a gaban mutane, ko jirgin tasha bai isa ya juya shi ba. Shi ya kawo mai wayarin, wato mai aikin wayoyin lantarki, wani mutum mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya. Mai wayarin ya ajiye guntayen waya biyu a kan benci. Ya ce wannan ta yau da kullum ce, wannan kuma ta fi tsada, ita ce ake ce wa mai ƙarancin hayaƙi, babu halojin.

Ciyaman ya yi dariya. "Babu halojin? To ai mu mun riga mun gama da wannan. Tun bara na sa aka cire halojin ɗin tsakar gida, ko kun manta yadda yake shan wuta? Gidan nan babu halojin ko ɗaya."

Kowa ya gyaɗa kai. Mun tuna fitilar, wata ƙatuwa mai zafi da ke tara ƙwari. Telan hawa na biyu ya ƙara da nasa, ya ce shi abin da bai gane ba, yaya za a ce waya ta fi tsada amma ba ta iya ɗaukar halojin? "Raguwa ce ke nan," in ji shi. Aka kwashe da dariya. Mai wayarin ya buɗe baki zai yi bayani, hayaniya ta danne shi, sai ya ce shi dai duk wadda aka saya ita zai sa.

Yaya ta jawo kunnena. "Gaya musu ba fitila ake nufi ba. Halojin sunan dangi ne, fitilar aron sunan ta yi. Wanda ake magana yana cikin robar wayar kanta, shi ne kulorin. In ta ƙone, shi ke cin maƙogwaro."

Na miƙe na faɗa yadda ta ce, sannan na ƙara da cewa wanda bai san abu ba ya kama bakinsa ya fi masa. Mintsini ya sauka, amma magana ta riga ta fita. Ciyaman ya haɗe rai. Ana haka iska ta juyo, sanarwar tasha ta shigo tsakar gida, a riƙe hannun yara, ƙil, a tsaya bayan layi. Ciyaman ya nuna sama da yatsa. "Kun ji magana? Wannan ita ce magana, kowa ya ji, kowa ya gane. Anti Raɗa, da muryar matar tasha gare ki, wallahi ko wayar zinariya kika ce a sa, da an sa."

Jama'a, ranar na san Allah ya yi mini haƙuri. Maganar ta zo mini har kan harshe. Yaya ta damƙe wuyan hannuna, ta damƙe sosai har sai da farcenta ya shiga. Fuskarta kuwa kamar ba da ita ake ba. Ta ce in gaya musu gobe da safe kowa ya fito, za ta nuna musu.

Ni kuma na bi ɗaki-ɗaki ina gayyata. Kun san mutane, in ba ka zuzuta abu ba ba sa barin abin da suke yi. Na ce su fito su ga wayar da ba ta hayaƙi sam, ba ta cin wuta ko za ka wuni kana hura ta. Har yau ina nan a kan bakana cewa da ban ƙara ba, da rabinsu ba su sauko ba.

Da safe Yaya ta ajiye tsohon murfin tukunya a tsakiyar tsakar gida, ta jiƙa ɗankwali ta ɗaure hanci da baki. Tun ranar tasha ba ta sake matsawa kusa da hayaƙi da gangan ba, ko turare ba ta yi. Na ce ta ba ni ashanar in kunna, ta harare ni. Ta fara da guntun wayar yau da kullum, ta ɗora a kan murfin ta kunna masa wuta. Nan da nan baƙin hayaƙi ya murtuke, yana tashi da wasu zare-zare na toka, wari ya bugi hanci, idanu suka kawo ruwa. Maman Tagwaye ta hawa na uku ta janye 'ya'yanta baya tana tari. Guntun da bai fi yatsa ba ke nan.

Sai ta biyun. Ta daɗe tana gardama da wuta, na fara murmushi ina kallon Ciyaman. Can sai ta kama. Wani siririn hayaƙi fari-fari ya tashi, robar ta kumbura ta koma farar toka.

"Ga hayaƙi!" in ji tela. "Ga wuta kuma! Mai kitso, ina wayar taki da ba ta ci?"

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, sai na hau su da faɗa don in rufe kunyata. Yaya ta kwance ɗankwalin, ta jawo ni. Wannan karon sai da ta riƙe cinyata tukuna kafin ta fara, wato in na ƙara ko harafi ɗaya in ji a jikina.

"Kaɗan aka ce, ba a ce babu ba. Ba ta yi alkawarin ba za ta ƙone ba, wannan wata magana ce daban. Alkawari biyu ta yi. In ta kama, za ka iya ganin ƙofa. In ka ja numfashi a hanyar fita, ba zai ƙona maka maƙogwaro ba. Iyakarta ke nan, kuma a matakala abin da ake buƙata ke nan."

Na faɗa daidai. Maman Tagwaye ta daɗe tana kallon baƙin tabon da ta farko ta bari a murfin. Amma dariyar ta riga ta yi aikinta. Ciyaman ya ce tun da duka biyun suna ci, duka biyun suna hayaƙi, shi zai nemo wadda za ta raba gardama.

Ya kuwa nemo. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da ƙaton naɗin waya a jikin katako mai kama da taya, ana gangaro shi har gindin matakala. Ya ce mai ƙarancin hayaƙi ce, an rubuta a jiki, kuma ba ta kai waccan tsada ba, don haka Anti Raɗa ta samu abin da take so, kowa ya huta. Yaya ta sa tabarau, ta durƙusa, ta bi rubutun jikin wayar da yatsa tun daga farkonsa har inda ya sake maimaituwa. Ta ɗago ta ce rabin magana aka rubuta. An yi maganar hayaƙi, ba a ce komai a kan halojin ba, kuma babu lambar gwajin da ake bugawa a jikin ta gaske.

Ta kalli mai wayarin. Bawan Allah ya sosa ƙeya, ya ce akwai yadda ake dubawa. Ya fere wani guntun waya ya fito da jan ƙarfen ciki, ya riƙe shi da filaya a kan wutar rishonmu har ya yi ja, ya dangwala shi a robar sabuwar wayar, ya mayar cikin wuta. Harshen wutar ya koma kore shar. Ya sake da wani sabon jan ƙarfe a kan ragowar guntun nan mai tsada, wuta ba ta canja launi ba. "Koren nan shi ne kulorin," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Hayaƙinta zai ɗan ragu, gaskiya ne. Amma yajin yana nan."

Ciyaman ya ce shi bai ga dalilin da za a riƙa yi masa wasan sihiri da risho ba. An saya, yawancin mutanen gida sun yarda, gobe da safe a fara aiki.

Washegari kafin mai wayarin ya iso, Yaya ta sauka da kujerarta 'yar tsugunno da kwandon saƙa. Ta ajiye kujerar a gaban kabad ɗin mitoci, ta jingina bayanta da ƙofarsa, ta ci gaba da wata hular jariri da ta fara. Na ce, "Yaya, me kike shirin yi?" Ta ce, "Saƙa." Na koma sama na ɗauko tawa kujerar.

Mai wayarin ya zo da jakar kayan aikinsa, ya gaishe ta har ƙasa, ya ce, "Anti, a ɗan gyara mini." Ta amsa gaisuwar, ta tambaye shi iyali, ba ta motsa ba. Shi kuwa ba zai ɗaga dattijuwa daga kujera ba ko za a yanka shi, sai ya zauna a kan naɗin wayar yana duba wayarsa ta hannu. Masu tafiya aiki suna raɓawa ta gefenmu. Tela ya ce mun mayar da kanmu masu gadi, na ce gara mu, shi da ya mayar da kansa injiniya a kan fitila. Rana ta ɗaga, hula ta kusa ƙarewa. Mutane suka fara taruwa a kan matakala, hawa-hawa, kowa yana leƙowa ta kan na gabansa.

Ciyaman ya baro shagonsa ya zo. Da farko lallashi ya yi, ya ce ta girme shi, yana ganin mutuncinta, ta taimaka ta tashi. Yaya ta ce in gaya masa in an canja wayar za ta tashi har ta dafa wa mai aiki shayi. Na faɗa, na ƙara da cewa shi ba za a ba shi ba. Sai ransa ya ɓaci.

"Wai ke kaɗai ce kike son ranki a gidan nan? Shekara nawa muna zaune da tsohuwar waya, me ya faru? Gobara in ta zo ta zo, ba roba ce ke hana ta ba. Kin tsayar da gida guda a kan wani abu da ba ki taɓa gani ba sai a murfin tukunya. Ke da ko maganarki ba a ji!"

Na miƙe tsaye. Wallahi na riga na ja numfashi, da ranar Ciyaman ya ji abin da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Yaya ta ɗaga mini hannu. Ba mintsini, hannu kawai ta ɗaga, na koma na zauna.

Daidai nan jirgin hantsi ya doso tasha. Muryar ta shigo ta ramukan saman nan, matakalar ta ɗauke ta ta sauko da ita har ƙasa, ta cika wurin kamar a cikin tulu.

"Jama'a, a riƙe hannun yara."

Yaya ta miƙa hannu ta buga awarwaronta a ƙarfen dafawa na matakala. Ƙil. Ƙarar nan da ta lasifika suka faɗi tare, ba ka iya raba su. Laɓɓanta suna tafiya da sauran sanarwar, har inda ake ɗan jan numfashi kafin "har jirgi ya tsaya". Da muryar ta ɗauke, ta sake buga awarwaron shi kaɗai, a cikin shiru. Ƙil.

Wata yarinya can sama ta ce, "Mama, irin na tasha," aka toshe mata baki.

Ciyaman ya kalli awarwaron, ya kalli Yaya. "Ke ce?"

"Ni ce da," in ji ta.

Ban buɗe baki ba. Ba wanda ya juyo ya ce mini, mai kitso, me ta ce. Tun da na zama lasifikarta ban taɓa ganin haka ba: raɗar nan tana hawa matakala da kanta, har na hawan ƙarshe suna ji.

Ta naɗe hannun rigarta ta nuna masa damtsenta, ta juya ɗayan. "Duba da kyau, Ciyaman. Wuta ba ta taɓa ni ba. Ko tabo babu. Robar waya ce, irin wannan da kake tsaye a gabanta, a ɗakin da bai kai faɗin matakalar nan ba. Ka ce da ina da muryar matar tasha da ko ta zinariya an sa. To ka ji ta yanzu. Ba zinariya take nema ba." Ta tsaya ta haɗiye miyau, don magana mai tsawo tana yi mata ciwo. "Kai ƙofarka tsakar gida take buɗewa. Tagwayen can sai sun bi ta nan."

Maman Tagwaye ta sauko tana share hawaye da gefen mayafi. "Wayyo Anti, sannu. Wallahi ba mu sani ba. Sannu."

"Kar ki yi mini sannu," in ji Yaya. "Ɗauke wayar nan."

Mai wayarin ya tashi daga kan naɗin ba tare da an ce masa ba. Maman Tagwaye ta sa hannu biyu ta tura, abin ya fi ƙarfinta, sai tela ya sauko ya kama ɗaya gefen yana kallon ƙasa. Sun kai shi bakin ƙofa ke nan Ciyaman ya ce su bari. Na ɗauka wata sabuwar rigima ce, har na gyara tsayuwa. Sai ya tuɓe agogonsa ya sa a aljihu, ya ce shi ya kawo ta, shi zai mayar, kuma ya san yadda ake gangara taya fiye da su duka. Bai kalli kowa ba ya fita da ita.

Da ta gasken ta zo, Yaya ta sake sa tabarau ta bi rubutun da yatsa, ta sa aka sake gwajin risho a rigar waje da robar ciki duka, sannan ta ɗauke kujerarta. Mai wayarin ya wuni yana mita, wai wayar tana da taurin kai, ba ta lanƙwasuwa sai an lallaɓa ta. Na ce masa ai ta yi gadon mai ita. Yaya ta dafa masa shayi kamar yadda ta yi alkawari, ta aika wa Ciyaman da kofi guda duk da na ce kar a ba shi.

Wasu sun so su canja mata suna, suka fara ce mata Antin Tasha. Ta ƙi amsawa har sai da suka koma Anti Raɗa. Yara kuma da suka daina buga cokali a kofi, ta sa na leƙa ta baranda na ce su ci gaba da wasansu, ba wanda ya mutu.

Taga ce kawai ba ta canja ba. Jiya ma ina tsefe wa wata kai, jirgi ya doso, ta ajiye saƙa ta tashi ta rufe. Na ce, "Haba Yaya, yanzu da kowa ya sani, me kuma ake ɓoyewa?"

Ta dawo ta zauna, ta nemo inda zarenta ya tsaya. Sai da na kawo kunnena sannan na ji abin da ta ce.

"Ba don su nake rufewa ba."